BABI NA HUƊU: TARKEN ZAƁIN KYAMARA DA INGANCIN HOTO A FIM ƊIN THE CREATOR

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan jigo da zubi da tsarin labarin fim ɗin The Creator, wanda Gareth Edwards, ɗan ƙasar Ingila, ya ba da umarni, aka kuma fitar da shi a watan Satumba na shekarar 2023. A wannan babi kuwa za a mayar da hankali ne ga hoton fim ɗin, wato irin kyamarar da aka zaɓa aka yi aikin da ita, da kuma tasirin wannan zaɓi a kan abin da mai kallo yake gani. Dalilin keɓe babi guda ga wannan batu shi ne, tun kafin fim ɗin ya fito labari ya bazu cewa an ɗauke shi da Sony FX3, wata 'yar ƙaramar kyamara da a lokacin ake sayarwa a kantuna a kan kuɗin da bai kai dala 4,000 ba. Daga nan sai mutane da dama, musamman matasa masu sha'awar sana'ar fim, suka ɗauka cewa zamanin manyan kyamarori ya wuce, duk wanda ya mallaki irin wannan kyamara zai iya fitar da hoto irin na Holiwud.

Wannan babi zai auna wannan ra'ayi da abin da ke cikin fim ɗin. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, babban amfanin kyamarar yana cikin yadda ta sauya tsarin aikin ɗauka. Kyawun hoton kuwa ya samu ne daga haɗuwar wuri da haske da gilashi da aikin kwamfuta, waɗanda suka ci kuɗi da ƙwarewa masu yawa. A ƙarshe za a kawo naƙasun da wannan zaɓi ya jawo wa fim ɗin.

4.1 Waiwaye a kan Kyamarar Dijital a Finafinan Ƙagaggen Kimiyya

Kusan shekaru ɗari ana ɗaukar finafinan silima a kan zaren fim, wanda sai an wanke shi da sinadarai kafin hoto ya fito. Kyamarar dijital kuwa tana da wani ɗan faifai a cikinta da masu sana'ar ke kira sensa, wanda ke kama haske ya mayar da shi lambobi. Wannan faifai ya ƙunshi miliyoyin ƙananan ɗigo da ake kira fiksel, kuma yawansu ne masu tallar kyamara suka fi ambata idan ana zancen inganci.

Finafinan ƙagaggen kimiyya suna cikin waɗanda suka fara rungumar wannan fasaha, domin aikinsu ya dogara ga haɗa hoton gaske da wanda kwamfuta ta ƙirƙira. A shekarar 2002 George Lucas ya fitar da Star Wars: Attack of the Clones, wanda aka ɗauka da kyamarar Sony HDW-F900 mai fiksel 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye. Wannan adadi bai kai na wayoyin hannu da yawa na yau ba. Haka kuma fim ɗin Avatar na shekarar 2009 da kyamarorin Sony masu wannan adadi aka ɗauke shi, amma duk da haka Mauro Fiore ya samu lambar yabo ta Oscar ta ɗaukar hoto da shi. A shekarar 2018 Roger Deakins ya samu irin wannan lamba da fim ɗin Blade Runner 2049, wanda ya ɗauka da kyamarar Alexa ta kamfanin Arri na ƙasar Jamus, alhali a lokacin akwai kyamarorin da suka fi ta yawan fiksel nesa ba kusa ba. Shi ma Greig Fraser, ɗaya daga cikin masu ɗaukar hoton The Creator, da ya ɗauki fim ɗin Dune na shekarar 2021 da Alexa, sai da aka juya hoton a kan zaren fim, sannan aka sake mayar da shi cikin kwamfuta, don kawai a rage masa kaifi.

Daga waɗannan misalai za a fahimci cewa tun kafin The Creator, yawan fiksel bai taɓa zama ma'aunin da masana ke yanke hukunci da shi ba. Abin da suka fi dubawa shi ne yadda kyamara take riƙe haske da duhu a hoto guda, da yadda take fitar da launin fata, da kuma ko hoton ya dace da labarin da ake bayarwa. Da wannan ma'auni ne za a tarki fim ɗin.

4.2 Kyamarar FX3 da Dalilan Zaɓenta

Kamfanin Sony ya fitar da FX3 a shekarar 2021. Nauyinta bai kai kilo ɗaya ba, kuma a ido ba ta da bambanci da kyamarar masu ɗaukar hoton biki. Faifanta na kama haske yana da faɗi, kusan milimita 36 a kwance da 24 a tsaye, amma fiksel ɗin da ke kansa kimanin miliyan 12 ne kawai. Wannan ƙarancin shi ne ƙarfinta, domin idan ɗigon ba su da yawa a kan faifai mai faɗi, kowane ɗaya yakan yi girma, ya kuma kama haske sosai. Ana auna ƙarfin jin hasken kyamara da wani ma'auni mai suna ISO. Manyan kyamarorin silima irin su Alexa sun fi yin aiki a kan 800, ita kuwa FX3 tana fitar da hoto mai tsabta a kan 12,800. Wato ke nan hasken da take bukata kashi ɗaya ne cikin goma sha shida na abin da waccan take bukata.

Ya kamata a lura cewa Edwards bai zaɓi wannan kyamara don rashin sanin manyan ba. Shi ne ya ba da umarnin Rogue One na shekarar 2016, wanda shi da Fraser suka ɗauka da Alexa 65, kyamarar da ba a ma sayar da ita sai dai haya, aka kuma kashe fiye da dala miliyan 200 a kansa. Sai dai kafin nan, a shekarar 2010, ya yi fim ɗinsa na farko mai suna Monsters da ƙaramar kyamarar bidiyo da 'yan tsirarun ma'aikata, yana yawo a ƙasashen tsakiyar nahiyar Amurka, a kan kuɗin da bai wuce rabin dala miliyan ɗaya ba. Saboda haka abin da ya yi a The Creator komawa ce ga tsarin aikin Monsters, amma da aljihun babban kamfani. Lissafinsa shi ne, idan ma'aikata suka yi kaɗan, kuɗin jigilarsu zuwa wata ƙasa bai kai kuɗin gina dandali a cikin sutudiyo ba. Kyamara mai nauyi tana bukatar mutanen da za su ɗauke ta, da manyan fitilu, da janareta, da motocin da za su kwashe su. Da aka sauke wannan nauyi, sai aka samu damar ɗaukar fim ɗin a wurare kusan 80, mafi yawansu a ƙasar Tailan, sauran kuma a Nepal da Kambodiya da Biyetnam da Indonesiya da Jafan.

Har ila yau, ba a bar kyamarar yadda ta fito daga kanti ba. An haɗa ta da wata na'urar naɗar hoto ta kamfanin Atomos, wadda ke ajiye ɗanyen bayanin da faifan ya kama ba tare da an matse shi sosai ba, domin masu gyaran launi su samu abin aiki daga baya. An kuma ɗora ta a kan madaidaicin hannu mai hana girgiza, wanda sau da yawa Edwards da kansa yake riƙewa. Fraser ne ya tsara wannan tsari tun farko, da aikin Dune na biyu ya kira shi kuwa, sai Oren Soffer ya ci gaba da jagorancin ɗauka a fili.

4.3 Wuri da Haske

Wurin da amfanin wannan zaɓi ya fi fitowa shi ne fitowar farko ta labarin, inda aka nuna Joshua da matarsa Maya a wani gida da ke bakin teku da dare, sojojin Amurka suna fitowa daga cikin ruwa, tashar yaƙin nan mai suna NOMAD kuma tana haska ƙasa da shuɗin haske daga sama. A al'adar Holiwud, dare irin wannan da manyan fitilu ake ƙirƙirar sa, shi ya sa mai kallo kan ga komai tas kamar da rana aka ɗauka aka shafa masa shuɗi. A nan kuwa duhun na gaske ne. Ana ganin iyakar teku da sararin sama da inuwar bishiyoyi da ɗan abin da ya rage na hasken almuru, fuskokin 'yan wasa kuma rabi a haske rabi a duhu. Da yake babu wata fitila mai ƙarfi da ke gasa da shi, hasken NOMAD shi ne ya zama mafi ƙarfi a hoton, wanda hakan ya sa tsoron da mutanen wurin ke ji ya isa ga mai kallo kafin kowa ya buɗe baki. A nan kyamara ta yi wa jigo hidima kai tsaye.

Misali na biyu shi ne harin da aka kai wa ƙauyen da ke bakin kogi, inda manyan tankokin yaƙi suka murƙushe gidaje, wasu bama-bamai masu ƙafafu kuma suka riƙa gudu a kan gada suna nufar mutane. Gadar da kogin da hazon safiya da tsaunukan da ke baya duk na gaske ne. Saboda kyamarar ba ta da nauyi, mai ɗauka yana iya bin yarinyar nan Alphie a guje, ya juya duk inda abu ya faru, ba tare da tsoron kada fitila ko waya ta faɗo cikin hoto ba. Sakamakon haka fitowar ta yi kama da rahoton ɗan jarida daga fagen fama. Wannan kamanni ba banza ba ne, domin fim ɗin yana so mai kallo ya tuna da hotunan yaƙin Biyetnam, inda babbar ƙasa mai ƙarfin sama take ruwan wuta a kan manoma. Da a gaban koren labule aka ɗauki wannan fitowa, da wuya ta tayar da wannan tunani.

4.4 Gilashi da Faɗin Hoto

Idan mai kallo ya ce hoton The Creator ya yi kama da na tsofaffin finafinai, to mafi yawan abin da yake gani aikin gilashin da aka ɗaura wa kyamarar ne. Kusan duk fim ɗin da gilashi ɗaya aka ɗauke shi, wani tsohon gilashin kamfanin Kowa na Jafan mai tsawon milimita 75. Irin wannan gilashi yakan matse faɗin hoto ninki biyu a lokacin ɗauka, sannan a buɗe shi a lokacin nunawa. Yana da halaye da ake gane shi da su: tsakiyar hoto takan fito sarai, gefe-gefe kuma su yi laushi, fitilun da ke nesa su zama kamar ƙwai a tsaye, haske mai ƙarfi kuma ya ja layi a kwance. Waɗannan a ƙa'idar masu ƙera gilashi aibu ne, amma su ne suka rufe kaifin nan na dijital da kan sa fatar mutum ta yi kama da roba.

An fitar da fim ɗin a faɗin 2.76 bisa tsayi 1, wanda ya fi na yawancin finafinan silima, kuma shi ne faɗin da aka yi amfani da shi a Ben-Hur na shekarar 1959. Wannan faɗi ya ba da damar a sanya ƙaramin mutum a gefe guda, gonar shinkafa ko tsauni a tsakiya, wani katafaren gini na ƙirƙira kuma can a nesa, duk a hoto ɗaya. Ta haka ne fim ɗin yake nuna ƙanƙantar ɗan'adam a gaban abin da ya ƙera da hannunsa. Bugu da ƙari, a wajen gyaran launi an kwaikwayi launin zaren fim na shekarun 1970, aka kuma zuba wa hoton tsaki-tsakin nan da ake gani a tsofaffin finafinai. Saboda haka abin da ya isa allon silima ya yi nisa da abin da kyamarar ta kama da farko.

4.5 Aikin Kwamfuta

A yawancin finafinan ƙagaggen kimiyya ana fara zana duniyar labarin ne, sannan a gina abin da za a iya ginawa, a ɗauki 'yan wasa a gaban koren labule, kwamfuta ta cike sauran. A The Creator an juya wannan tsari. An fara ɗauka a wurare na gaske, aka tace fim ɗin har ya tsaya da ƙafarsa, sannan masu zane da ma'aikatan kamfanin Industrial Light and Magic suka ɗora gine-gine da jirage da mutum-mutumi a kan hoton da aka riga aka zaɓa. Hikimar wannan ita ce ba a kashe kuɗi a kan abin da za a yanke daga baya ba. Haka kuma mutane da yawa da suka fito a matsayin mutum-mutumi ba su sa wasu tufafi na musamman ba a lokacin ɗauka, sai daga baya aka zaɓi wanda za a mayar na'ura. Wannan ne ya sa ake ganin mutum-mutumi suna noma, suna tuƙa kwalekwale, suna sanye da tufafin masu bautar addinin Budda, da motsi irin na mutanen da suka saba da aikin. Ramin nan da ya ratsa kan Alphie da Harun ta bayan kunne ya zauna daram a fuskarsu domin hasken da ke kansa an kwaikwayo shi ne daga hasken gaske na wurin.

A nan ne ra'ayin da aka ambata a shimfiɗa ya gamu da cikas. An kashe kimanin dala miliyan 80 a kan fim ɗin. Gaskiya ne wannan bai kai rabin abin da aka kashe wa Rogue One ba, amma kuɗin kyamarar a cikinsa bai kai cikin cokali ba. Abin lura kuma shi ne, a bikin Oscar na shekarar 2024 an sanya fim ɗin cikin 'yan takara a fannin dabarun kwamfuta da fannin sauti, ba a sanya shi a fannin ɗaukar hoto ba. A wannan shekara lambar ɗaukar hoto ta tafi ne ga Oppenheimer, wanda aka ɗauka a kan zaren fim. Wannan bai rage darajar aikin Fraser da Soffer ba, sai dai ya nuna inda masana sana'ar suka ga nauyin aikin ya fi karkata.

4.6 Naƙasu

Kowane allazi da nasa amanu. Naƙasu na farko ya shafi kaifin hoto. Kyamarar tana naɗar hoton bidiyo a faɗin 16 bisa tsayi 9, idan kuwa aka buɗe hoton da gilashi ya matse ninki biyu, faɗinsa zai kai 3.56 bisa 1. Kafin a dawo da shi 2.76 dole a yanke fiye da kashi ɗaya cikin biyar na faɗin, daga faifan da da ma fiksel ɗinsa ba su da yawa. Idan aka haɗa wannan da laushin tsohon gilashi da tsakin da aka ƙara, sai a ga cewa a hotunan nesa, kamar na birane da tsaunuka, ƙananan abubuwa sukan narke cikin juna, musamman a babban allo. A fitowar yaƙi wannan laushi ado ne, amma a inda ake so mai kallo ya tsaya ya ƙare wa duniyar labarin kallo, hasara ce.

Na biyu, dogaro ga gilashi ɗaya ya sa tazarar da ke tsakanin mai kallo da 'yan wasa kusan iri ɗaya ce daga farko har ƙarshe. Fitowar soyayya da ta yaƙi da ta bankwana duk da ido ɗaya aka kalle su. Wannan ya ba fim ɗin kamanni guda, amma ya rage wa mai ba da umarni hanyoyin bambanta yanayi da yanayi.

Na uku, ƙarshen fim ɗin, wanda ya gudana a cikin tashar NOMAD a sararin samaniya, ba shi da wurin gaske da za a je a ɗauka, don haka aka koma sutudiyo. A nan ne hoton ya fi yin rauni, domin ƙura da hazo da gumi da suka ba sauran fitowar rai babu su. Wurin ne ya sauya, ingancin kuma ya bi shi. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da ke nuna cewa kyawun fim ɗin daga wuraren ɗauka ya fi samuwa.

Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, ya shafi mutanen da aka ɗauka. Sauƙin yawo da kyamarar ya sa an tattara wuraren ibada na Nepal da gonakin Tailan da titunan Jafan aka cure su suka zama ƙasa ɗaya da labarin ya kira Sabuwar Asiya, harsuna da rubuce-rubucen ƙasashe daban-daban suna cakuɗe. Fim ɗin yana da'awar tausaya wa waɗannan mutane, amma mafi yawansu ba su da suna, ba su da magana, sun zama ɓangaren shimfiɗar da jarumi Ba'amurke yake ratsawa. Kyamara ta kusance su ƙwarai, labarin kuwa bai kusance su ba. Wannan giɓi tsakanin hoto da rubutu shi ne abin da masu sharhi da dama suka koka da shi, kuma mai yiwuwa yana cikin dalilan da suka sa kuɗin da fim ɗin ya samu a gidajen silima ya tsaya a ɗan abin da ya haura dala miliyan 100.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an duba zaɓin kyamarar Sony FX3 a fim ɗin The Creator da tasirinsa ga ingancin hoto. An ga cewa ƙanƙantarta da ƙarfin jin haskenta sun rage fitilu da ma'aikata, wanda hakan ya buɗe hanyar ɗauka a wurare na gaske, kuma daga waɗannan wurare ne fim ɗin ya samu mafi kyawun fitowarsa. An kuma ga cewa kamannin hoton ya dogara ga tsohon gilashi da gyaran launi da aikin kwamfuta mai tsada, sannan zaɓin ya jawo raunin kaifi da rashin bambancin yanayi, bai kuma iya rufe giɓin da ke cikin labarin ba.

Wannan sakamako ya shafi masu shirya finafinan Hausa, waɗanda tun daga Turmin Danya na shekarar 1990 da ƙananan kyamarori suke aiki a gidaje da tituna na gaske. Abin da za su iya ɗauka daga Edwards ba tare da miliyoyin daloli ba shi ne tsarin aikinsa: zaɓen wuri da natsuwa, jiran lokacin da haske ya yi kyau, sanin halin gilashin da ke hannu, da kuma tace fim kafin a kashe kuɗi wajen ƙawata shi. Babi na biyar zai duba sauti da kiɗan fim ɗin, wanda Hans Zimmer ya tsara, domin a ga yadda suka tallafa wa hoton.